Bashin Da Gona Ke Bin Mu



Da kwamitin biki ya ce mu 'yan sashen hatsi mu kawo rubutu don cikar ƙungiyarmu shekara ashirin, mun zauna mun yi shawara. Labarin yadda aka fara da adashi har aka kai ga rajista kowa ya san shi, kuma shugaba ta riga ta ba da shi. Sai muka ce bari mu kawo tarihin abin da dukanmu muke ci daga gare shi. Mai awon gero, mai ƙuli-ƙuli, mai ƙosai, mai fura, mai daddawa, har mai kiwon awaki, in aka bi sawun kuɗin kowacce, a gona zai tsaya. Kuma duk wadda ke zuwa sari Dawanau ko kasuwannin ƙauye ta sha jin manoma suna cewa ƙasa ta gaji. Gonar da uba ke cika rumbu biyu da ita, yau ɗansa da ƙyar yake cika ɗaya.

Mu dai ba malamai ba ne. Yawancinmu a ajin yaƙi da jahilci muka koyi riƙe biro, da goyo a baya. Abin da muka rubuta nan mun tsinto shi ne daga bakin tsofaffinmu, da malaman gona da suka yi mana bita, da abin da malamar ajinmu ta karanta mana. Amma akwai abin da 'yar kasuwa ta sani ba sai an koya mata ba, wato bambancin riba da uwar kuɗi. Wadda ta fara cin uwa ba a ganewa da wuri. Tana nan tana fitowa kasuwa, tana gaisawa da mutane, sai ranar da ta je sari kuɗi ya ƙi kaiwa. Da muka bi tarihin gonakin ƙasar Kano, sai muka ga ita ma ƙasa tana da uwar kuɗi, kuma an daɗe ana taɓa ta.

Zamanin jaki da mangala

A shekarar 1851 wani matafiyi Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda a ƙasar nan ake kira Abdulkarim, ya iso Kano. A littafinsa ya yaba albarkar ƙasar Kano ƙwarai da gaske. To amma duk wanda ya taɓa duƙawa a gonar jigawa ya san albarkar nan da aiki aka riƙe ta. Yawancin ƙasarmu rairayi ce. Ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki, ga damina wata huɗu ce, in ta yi kyau biyar. A wuraren da daji ke da yalwa, in gona ta gaji sai a bar ta saura, a je a sari sabuwa, ita kuma ta yi shekaru tana hutawa har ciyawa da itatuwa su farfaɗo da ita. A karkarar da ke kewaye da birnin Kano kuwa, mutane sun yi yawa tun da daɗewa, babu filin da za a bari. Gonar da aka noma bana ita za a noma baɗi. To yaya aka yi ba ta mutu ba?

Amsa ta farko tana tsakar gida. Da damina ana ɗaure awaki da tumaki a turke don kada su yi ɓarna, a riƙa yanko musu ciyawa. Kashinsu ya taru, a haɗa da tokar murhu, da shara, da ƙaiƙayin sussuka, da kashin kaji, a zuba a juji. Rani na yi sai a fara ɗiba a mangala, jaki ya kai gona, a jibge tsibi-tsibi, a baza kafin ruwa ya sauka. Jakunan da suka kawo itace da kara cikin birni ba sa komawa haka nan, sai an loda musu takin birni. Abin da gona ta aika gari a dami, yana komo mata a mangala.

Ta biyu, Fulani. Bayan an cire amfani, manomi da kansa yake gayyatar makiyayi ya sauka da shanunsa a gonarsa. Shanu su ci ganyen kara da abin da ya saura, su kwana nan, su bar taki. Manomi ya ba da damin hatsi ko ya bar su su sha a rijiyarsa, matan Fulani su kawo nono a yi musaya da gero. Tsofaffinmu sun ce har rige-rige ake yi a kan gonar wa za a fara sauka.

Ta uku, ba a shuka abu ɗaya. Gero da dawa da wake da gyaɗa duk a gona guda. Gero ya nuna da wuri a cire, dawa ta samu sarari, wake ya yaɗu ya rufe ƙasa, rana ba ta gasa ta, ruwa ba ya kwashe ta. Malaman gona sun tumɓuko wake sun nuna mana wasu 'yan ƙululai a jikin saiwarsa. Sun ce a cikinsu akwai ƙananan halittu da ke jawo sinadarin naitirojin daga iska, kuma shi ne dai muke saye da tsada a buhun yuriya. Harawa kuwa a ɗora ta a kan soro ko a reshen bishiya, awaki su ci da rani, ta koma juji.

Ta huɗu, itatuwa. Kakanninmu ba sa share gona tas. Suna barin ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya, mu mata mun san aikin kowacce a tukunya. Amma babbansu shi ne gawo, mai halin da ba irin na sauran itatuwa ba. Da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar. Don haka ba ya tare wa gero rana, ganyensa kuma yana ruɓewa daidai lokacin da shuka ke nema. Da bazara dabbobi suna taruwa a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar taki a gindinsa. Duk wadda ta taso a ƙauye ta ga yadda geron gindin gawo ke fin na sarari ƙarfi. A Damagaram har yau ana ba da labarin doka mai tsanani da sarakunan da suka kafa a kan wanda ya sare gawo. Ko ƙurar hunturu da ke sa mu tari, wadda iska ke kwasowa daga wajen arewacin Chadi, masana sun ce tana ɗauke da ɗan abincin ƙasa, kuma gonar da ke da itace da kara ita ke tare ta.

Wani Bature mai suna Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'a a Zariya da Kano, ya yi shekaru yana bincike a ƙauyukan kewayen Kano. Abin da shi da abokan aikinsa suka gano shi ne gonakin da ake nomawa kowace shekara ba su mutu ba kamar yadda aka yi ta hasashe, muddin dai ana haɗa noma da kiwo, ana kai taki. Mu kuma ga abin da muka lura. Wa ke share tsakar gida? Wa ke kwashe toka? Awakin gida na wa ne? Ba a rubuta sunan kakanninmu mata a littafi ba, amma mafi yawan abin da ke cikin mangalar nan ta hannunsu ya bi.

Jirgin ƙasa da dalar gyaɗa

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka fara jigilar kaya sosai a 1912. Turawan mulki auduga suke so don masaƙun Ingila. Manoman Kano da fatake suka duba suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, kuma in kasuwa ta ƙi ana iya cin ta, ita kuwa auduga ba a tuƙa tuwo da ita. Ga kuma haraji wanda sai da kuɗi ake biya. Nan da nan gyaɗa ta cika gonaki. Ba a jima ba fari ya zo a 1913, aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba, bayan ta wuce aka ɗora daga inda aka tsaya. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka shahara a sayen gyaɗa, aka riƙa jera dubban buhuna ana yin dala ana jiran jirgi. A shekarun 1960 Najeriya tana sahun gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa.

Ba za mu zagi gyaɗa ba, mu da muke cin abinci da ƙuli-ƙuli da mai. Da kuɗinta aka gina gidaje, aka yi aure, aka sauke farali. Amma ku duba abin da ya canja. A da, abin da gona ta bayar ana cinye shi ne a inda jaki zai iya zuwa ya dawo. Yanzu buhu yana hawa jirgi zuwa Legas, daga can ya hau jirgin ruwa zuwa Turai, kuma babu mangalar da ke dawowa daga can. Gaskiya ne gyaɗa tana samar wa kanta naitirojin, to amma tumɓuke ta ake yi gaba ɗaya, ƙwaya ta tafi kasuwa, harawa ta tafi gida. Sauran abincin ƙasa da ta sha, musamman wanda ake kira fosfaras mai sa saiwa ƙarfi da cika ƙwaya, da shi take tafiya. Shi ya sa daga baya malaman gona suka riƙa tallata takin sufa ga masu gyaɗa. Bayan an cire ta kuma, ƙasa tana zama a tone, a buɗe, iskar rani ta yi ta ɗiba.

Neman kuɗin gyaɗa ya sa aka ƙara sarar daji a wuraren da a da ake barin saura, makiyaya ta ragu. A wajen shekarun 1930 aka fara yaɗa garmar shanu. Ta sauƙaƙa huɗa, shanun kuma suna ba da taki. Sai dai garma ba ta son kututture, don haka aka koya wa manoma cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share fes, ba itace ba toho. Wannan koyarwa ta zauna a zukatan mutane har yau.

Shekarun fari

Daga 1972 zuwa 1974 aka yi babban fari a duk yankin nan, daga Senigal har Chadi, arewacin Najeriya ma bai tsira ba. A 1975 kuma cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta cinye gonakin gyaɗa. Ga kuɗin man fetur ya shigo, hankalin gwamnati ya koma can. Dalar gyaɗa ta ɓace, 'ya'yanmu sai a hoto suke ganin ta.

Ba a gama farfaɗowa ba, fari ya sake dawowa a 1984. Mu da muke cikin shekaru arba'in da wani abu, lokacin muna goye ko muna rarrafe. Iyayenmu mata sun ba mu labarin yadda aka koma kwaɗon tafasa da garin rogo, da yadda maza suka bazu cin rani tun kafin kaka.

Fari ba ruwa kaɗai yake hana gona ba. Dabbobi sun mutu, waɗanda suka saura aka sayar da su da araha don a sayi hatsi. Da babu awaki a turke, juji ya ƙi taruwa. Wanda ba shi da abin sayarwa ya ɗauki gatari ya sari itace ya kai gari. Karan da a da ake bari a gona aka kwashe shi kakaf. Ƙasa ta zauna tsirara, iska ta kwashe ta sama mai laushi, ruwan farko ya zo da ƙarfi ya daddaɓe abin da ya saura. Haka gona ke zama faƙo, wuri mai tauri da santsi kamar daɓe, ruwa ya sauka a kai ya gudu bai shiga ba. Ba mu ga laifin kowa ba, mai yunwa ba ya lissafin baɗi. Amma ruwa ya dawo, ƙasar da iska ta ɗauke ba ta dawo ba.

Zuwan takin zamani

Bayan farin farko gwamnati ta tashi tsaye. A tsakiyar shekarun 1970 aka buɗe manyan ayyukan raya noma a Funtuwa da Gusau da Gombe da taimakon Bankin Duniya. A 1976 gwamnatin Obasanjo ta kawo shirin ciyar da ƙasa, a 1980 ta Shagari ta kawo nata na bunƙasa noma. Aka riƙa sayar da takin zamani da rangwame mai yawa. Kamfa da yuriya da sufa suka shiga bakin kowa. Masara, wadda a da ta bayan gida ce ana gasawa, ta zama amfanin gona babba, ita kuwa ba ta yi sai da taki mai yawa. An ga amfani, wallahi an gani. Buhun da mutum zai ɗora a keke ya yi aikin da jaki zai yi sawu da yawa. Da yawa suka ajiye mangala.

Daga baya rangwame ya ragu, wani lokaci taki ya iso bayan shuka ta wuce buƙata. A 2022 yaƙin Rasha da Yukiren ya ɗaga kuɗin taki a duniya, a 2023 aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya hau. Kowacce a cikinmu ta ji shi a farashin tiya.

Wata malamar gona ta yi mana misali da abin da muka sani. Ta ce takin zamani kamar magi ne, takin gida kuwa shi ne kayan miyar. In akwai kayan miya, magi kaɗan ya isa. In ruwa ne zalla a tukunya, ko nawa kika jefa ba zai zama miya ba. Ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi su ke sa rairayi ya yi duhu, ya riƙe danshi, ya riƙe takin zamanin kansa. In babu su, ruwa biyu masu ƙarfi sun wanke yuriyar da aka ci bashi aka saya. Ta ce kuma yuriya ita kaɗai, shekara da shekaru, tana sa ƙasa tsami. Alamar gajiyar ƙasa da kowa ke gani ita ce wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, mai jan fure, mai kama saiwar dawa da gero ta tsotse. A gonar da ta rame ta fi yawa, kuma irinta yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma yana jira.

Ga kuma abin da ke faruwa a idonmu. A ƙidayar 2006 jihar Kano kaɗai ta haura mutum miliyan 9. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai an raba ta gado, an sake rabawa. Kara ya zama kuɗi, harawa ta zama kuɗi, ana loda su a mota zuwa gari. Ana sare itace ana gawayi. Zaman amana tsakanin manomi da makiyayi ya lalace a wurare da yawa. Sharar birni da a da ake rububi yanzu cike take da leda da kwalba da tsohon batir. In mun faɗi gaskiya, mu ma muna ciki. Mu ke sayen itacen, mu ke sayar da harawar in kuɗin makaranta ya matsa.

Abin da maƙwabta suka yi

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Maraɗi da Damagaram harshenmu ɗaya, waken su da dabbobinsu suna shigowa kasuwanninmu, kuma ruwansu bai kai namu ba. Bayan farin nan gonakinsu sun fi namu zama fili. An yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 wani mutumin Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa tohon da manoma ke sarewa suna ƙonewa kowace shekara lokacin sassabe, tohon tsofaffin itatuwa ne da saiwarsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai aka fara gwada wani abu mai sauƙi. A kowane kututture a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sare sauran, a riƙa yi musu aski suna miƙewa. Suna kiran wannan sassabin zamani. Da farko an yi wa masu yi dariya, ana cewa gonarsu ƙazama ce. Abin da ya ƙara masa ƙarfi shi ne da manoma suka tabbata itacen da suka raina nasu ne, ba na ma'aikatan gandun daji ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, ba tare da an dasa su ba. Itatuwan suna karya iska, yashi ba ya binne shuka, ganye yana zuba. Mata kuma suna samun itacen girki daga askin rassa a gonar gida, ba sai sun wuni a daji ba.

Faƙo ma an samo masa dabara. A Yatenga ta Burkina Faso wani manomi, Yakuba Sawadogo, ya inganta tsohuwar hanyar haƙa ramuka da suke kira zai. Da rani ake haƙa rami mai faɗin kamar taƙi guda, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwa ya sauka ya taru a ramin ya nutse, a shuka gero ko dawa a ciki. A ƙarshen shekarun 1980 manoman Illela ta jihar Tawa a Nijar suka je suka gani, suka dawo suna yi, suna kiran shi tassa. A 2018 aka ba Yakuba da Rinaudo lambar yabo ta duniya a ƙasar Suwidin. Yakuba ya rasu a 2023.

Masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun nuna cewa maimakon a watsa takin zamani a duk gona, a sa cikin murfin kwalbar lemo a kowane ramin shuka, kuma ya fi aiki in akwai takin gida tare. A nan Kano, cibiyar IITA ta yaɗa shuka layi biyu na dawa, layi huɗu na wake, da irin waken da ke ba da ƙwaya da harawa duka. In kun duba da kyau, yawancin dabarun nan aikin kakanninmu ne aka gyara wa zama.

Abin da ke gabanmu

Ba don a sha labari kawai muka kawo wannan ba. Duk mun san abin da ya faru da lamunin takin zamani da ƙungiya ta bayar shekara uku da suka wuce. Littafin bashi yana nan. 'Yan uwan da ke da awaki, waɗanda gonarsu ke samun takin gida, yawancinsu sun biya da kaka. Waɗanda suka zuba a gonar haya da ta riga ta rame, wasu har yau suna biya kaɗan-kaɗan, wata sai da ta sayar da injin markaɗenta. Ba lalaci suka yi ba, taki ɗaya aka raba mana. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A babban taro mai zuwa za a yanke shawara kan lamunin damina, ko a sa shi duka a takin zamani kamar da, ko a raba. Mu 'yan sashen hatsi ga abin da muke roƙo a duba.

A ware wani kaso a saya wa marasa dabba akuya, a biya da 'ya'yanta. A kowane gida a haƙa ramin taki tun yanzu, a riƙa zuba toka da shara da kashin dabbobi, a tsince leda da batir, a riƙa yayyafa ruwa yana ruɓa. Takin da bai ruɓa ba yana kai irin ciyawa gona. Ba a fafe gora ranar tafiya, ramin da aka fara da kaka shi ke kaiwa bazara. Kada mu sayar da harawa duka. Takin zamanin da za a saya, a koyi sa shi a ramin shuka.

Sai maganar gonar haya, wadda ta fi damun mu mata. Babu wadda za ta kai taki gonar da ta san in ta yi kyau baɗi za a karɓe. Muna so ƙungiya ta shiga tsakani, a riƙa rubuta yarjejeniyar shekara uku ko fiye da masu gona, a gaban mai unguwa. Yanzu da muka iya karatu, ba sai mun dangwala yatsa a kan abin da ba mu sani ba.

Ku kuma iyayenmu maza da masu gidajenmu, muna roƙon arziki. In an zo sassabe, a bar ɗan gawon da ya fito, a bar reshe biyu na sabara da kalgo, a rage sa wuta. Mun san akwai wahala. Kai taki gona yanzu sai an biya amalanke ko a-kori-kura. Itace yana tara tsuntsaye, kuma gawo yana ɗaukar shekaru kafin a ci moriyarsa. Wataƙila wasunmu ba za su zauna a inuwarsa ba. To amma ɗorawar da muke daddawa da ita yau, wanda ya bar ta bai san mu ba.

Abu na ƙarshe, duk wadda ke da tsohuwa ko tsoho a gida, ta zauna da su kafin ranar taro. Ta tambaye su abin da ake kai wa gonarsu a da, da itatuwan da ke cikinta, da abin da ake haɗawa a shuka. Wadda ta iya rubutu ta rubuto, wadda ba ta iya ba tukuna ta sa ɗanta ko 'yarta. Za mu haɗa su a ajin ranar Asabar mu karanta tare.

Muna taya juna murna. Allah ya jiƙan waɗanda aka fara tafiyar nan da su ba su kai yau ba, ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.